Ƙuri'ar Badamasi Magini

Badamasi magini ne, ɗan magini. An haife shi a wani ƙaramin ƙauye da ke bayan Ruwan Godiya, ƙauyen da gidajensa ba su kai arba'in ba, kuma kusan rabinsu mahaifinsa ne ya gina su da ƙasa. Tun yana ɗan shekara tara yake miƙa tubali. Karatun boko a firamare ya tsaya, amma in ya tsaya gaban fili ya runtse ido ɗaya, zai faɗa maka bulo nawa ɗakin zai ci, kuma da wuya a samu ragowar da ta wuce biyar. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga wushirya. Ba ya cin tuwo da zafi. Sai ya ture kwanon gefe ya yi ta zuba surutu har kowa ya gama, sannan ya ci nasa shi kaɗai yana mitar an bar shi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Amininsa shi ne Mani. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, kuma wata biyu ne tsakanin aurensu. Mani manomi ne, ba shi da wata sana'a, ba shi da yawan magana. Badamasi kan ce shi ya sa suka daɗe tare, don ba a taɓa rigima kan wanda zai yi magana ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, ƙauyen ya watse. Wasu suka nufi Sabuwa, wasu Kankara. Badamasi ya kwaso mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna, da matarsa Saudatu, da 'yarsu ɗaya Nana Aisha, suka sauka a Faskari. Mani da matarsa Barakatu suka samu ɗaki a layi ɗaya da su. Nana, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, a gidan Mani take wuni, Baba Mani take kiransa.

A Faskari ne Badamasi ya sayi waya ta hannu a wurin wani mutumin Kankara, ya tarar da wasan gini a cikinta. Wasa ne da komai na cikinsa bulo ne mai kusurwa huɗu. Ƙasa bulo, itace bulo, ruwa bulo, har tumaki da kusurwa aka yi su. Mutum yana haƙa, yana ɗauka, yana ɗorawa, ba mai ce masa ga inda zai tsaya.

"Kai yanzu wuni kake ɗora bulo a rana," in ji Mani, "ka dawo gida ka huta da ɗora bulo?"

"Wanga ba ya fasa hannu," Badamasi ya ce. "Kuma ba mai gidan da zai zo shi ce a rushe, matarshi ba ta son taga a nan."

Wata uku yana abu ɗaya bai nuna wa kowa ba. Ran nan bayan la'asar, a gindin darbejiyar da suke zama, ya miƙa wa Mani wayar. Mani ya duba, ya sake dubawa, sai ya yi salati. Ƙauyensu ne. Ga masallaci, ga rijiya, ga tsamiyar bakin hanya, ga gidan su Mani har da katangar da ta zube ta gefen turke.

Labari ya bazu, dattawan ƙauyen suka riƙa zuwa kallon gidajensu. Baba Gide, wanda ya haura saba'in, ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya daɗe yana dubawa.

"Kai ɗan magini, gabas ka juya mani ƙofar rumbu? So kake ruwa shi jiƙa mani dawa?"

"Tuba nake, Baba."

Nan take Badamasi ya toshe ƙofar ya buɗe wata ta yamma. Tsohon ya gyaɗa kai. Sai dai bai mayar da wayar ba har aka kira magariba.

Gida an bar shi, amma gona ba ta baruwa, don ba a cin bulo. Da damina ta zo, su huɗu suka haɗa hannu: Badamasi, Mani, da abokansu biyu na ƙauye, Nasir da Zailani. Suka noma gonakin da suka fi kusa da hanya, a tsorace, ido ɗaya a kan kunyar gona ɗaya a kan daji. Allah ya ba da masara. Cikin kwana uku suka karye ta, suka zuba a buhuna, suka ɓoye a ɗaki ɗaya da ya rage da rufi a ƙauyen. Saura kwasowa. Babur ɗaya gare su, buhu uku yake ɗauka, kuma in an ɗora buhu ba wurin mutum na biyu. Dole mutum ɗaya ya tafi shi kaɗai, sau biyu ko uku a mako, ta hanyar da kowa ya san abin da ke cikinta.

Da farko ƙuri'ar kara suka yi, yadda aka saba. A karya kara huɗu, ɗaya gajere, wani ya dunƙule a hannu, kowa ya zara. Karo na biyu aka yi rigima. Zailani ya ce Nasir ya karkata hannu don ya ɓoye gajeren, Nasir ya rantse, har sai da aka riƙe su. Suka ce to a yi bi da bi, nan ma aka kasa, don akwai ranakun da suka fi wasu haɗari, kamar washegarin kasuwar Yankara, kuma ba wanda ke son layi ya ajiye shi a kansu.

Badamasi ya ce a ba shi mako ɗaya.

Ya riga ya gano cewa wasan yana karɓar umarni. Akwai wani akwati da ake ajiyewa a cikin gini, a rubuta masa abin da zai yi da Turanci, ya aikata. Turancin Badamasi bai wuce na jikin buhun siminti ba, amma ya bi bidiyon masu koyarwa yana tsayarwa, yana kwafa harafi bayan harafi a takarda, yana kuskure yana sakewa. Ranar da ya gama, ya kai su wani sabon ɗaki da ya gina a cikin wasan, daura da masallacin ƙauye. A bango akwai fitila huɗu, kowace a kan bulo mai launi, a ƙasa kuma ga madanni ɗaya.

"Ja ta Zailani, shuɗiya ta Nasir, koriya ta Mani, fara tawa. In an danna, akwatin zai zaɓi lamba daga ɗaya zuwa goma sha biyu, yadda ta zo mashi. Ni da na rubuta ban san wadda za ta fito ba. Kowa lamba uku gare shi. Wanda tashi ta fito, fitilarshi ta kama, shi zai tahi."

"In ta zaɓi mai ita fa?" in ji Zailani.

"Waya ba ta da ɗan'uwa, Zailani. Ba ta san ma ni na saye ta ba."

Sai da suka tambayi limamin unguwa ko abin bai shiga caca ba. Ya ce muddin ba a sa komai a ci ko a cinye ba, ƙuri'a ce kamar ta kara. Suka yi alkawari a gabansa cewa za a riƙa danna madannin bi da bi, kuma abin da ya fito ya fito. A wurinsu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya yi musu da ƙuri'a, kamar ya yi musu da rabon da Allah ya yanka masa ne, kuma mutane za su ce tsoro ne ya sa shi.

Makonnin farko abin ya zagaya kowa. Mani ya je sau biyu. A na biyun ya ji harbi a bayan tsauni, ya kwanta cikin karan dawa har rana ta take, ya dawo da buhu ɗaya. Bai faɗa wa kowa ba sai Badamasi. Ya ce masa duk lokacin da aka zo dannawa Barakatu yake gani da tsohon cikinta. Badamasi ya saurara, abin da ba halinsa ba, ya ce Allah zai tsare.

Daga nan farar fitila ta fara yawan kamawa. Ta kama, ta sake kamawa, ja ta shiga tsakani, fara ta dawo. Suka mayar da abin wasa.

"Wai ba ka ce waya ba ta da ɗan'uwa ba?" in ji Nasir. "To ga shi ta samu miji."

"Ku bar ni da ita," Badamasi ya ce yana ɗaure igiya a bayan babur. "Na bar ta ba caji ran nan, shi ne take ramawa."

Cikin ƙuri'a goma sha huɗu, tara a kansa suka faɗa. Ba wanda ya ce a duba. Ta yaya za ka ce wa mutum a binciki abin da shi yake cutarwa? Kuma duk wanda fitilarsa ba ta kama ba, a ransa hamdala yake yi.

Rana ta ƙarshe da safe, Mani ne ke da dannawa. Buhu shida suka rage. Ya sa yatsa, fara ta kama, sai ya yi dariya.

"Ango, amaryarka na kira."

"Ka ga mugu, dariya ma yake." Badamasi ya miƙa masa wayar, don ba ya shiga daji da ita. "Riƙe mani. Kada ka bar Nana ta rushe mani masallaci."

Azahar ta yi bai dawo ba. Kafin la'asar wasu masu itace suka zo da labari. A kwanar da ke kafin tsamiya suka sami gawarsa, an tafi da babur, buhu uku na zube a gefen hanya. Shekararsa talatin da uku.

Mani bai san yadda aka yi wanka da salla ba, duk da yana wurin, har da shi aka saka shi a kabari. Abin da ya tsaya masa shi ne rana ta uku, da ya je bakin labulen ɗakin Saudatu don ya yi mata gaisuwa.

"Maman Nana, ya haƙuri?"

Can ya ji muryarta a dishe.

"An ce kai ka danna."

Ta san ajali, kowa ya sani, amma daga ranar Nana ba ta sake taka gidan Mani ba. In yarinyar ta hango shi a layi ta taso da gudu, sai a kira ta daga cikin gida. Mani bai ga laifin kowa ba. Shi ma in ya zo alwala sai ya tsaya yana kallon yatsan.

Bayan mako uku aka ce a tattara kayan mamaci. Mani ya kai wayar caji don ya miƙa ta da rai. Da hantsi yana zaune a tsakar gida, Barakatu na ɗaki da jaririn da ta haifa kwana goma bayan rasuwar, sai ya buɗe wasan don ya ga ƙauyen sau ɗaya. Ya bi ta gaban rijiya, ya wuce gidan Baba Gide, ya tsinci kansa a ɗakin fitilu. Ya danna. So yake ya ga koriya ta kama, ko da ba ta da amfani yanzu. Fara ta kama. Ya sake, fara. Ya sake, shuɗiya, sannan fara, sannan fara.

Ya tashi ya ɗebo masara a kwano, ya share ƙasa, ya ja da'ira huɗu. Duk dannawa ɗaya, ƙwaya ɗaya a da'irar wanda tasa ta kama. Sai da ya yi sittin sannan ya ƙirga. Ja goma. Shuɗiya tara. Koriya biyar. Fara talatin da shida.

Ya sha ganin yadda Badamasi ke fasa bulo a wasan. Sai ya fasa bangon da fitilun ke jiki. A baya akwai wani lungu, akwati huɗu a jere, kowanne a bayan fitilarsa. Ya taɓa na farko, rubutu ya fito. Turancin bai iya ba, amma lamba ya iya. A bayan ja, ɗaya zuwa biyu. A bayan shuɗiya, uku zuwa huɗu. A bayan koriya, biyar, ita kaɗai, ba komai a gabanta. A bayan fara, shida zuwa goma sha biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Barakatu ta fito a guje da jariri a kafaɗa. Ta same shi zaune a ƙasa cikin masara, baki buɗe.

"Lafiya? Wa ya rasu kuma?"

"Bakwai ya ɗauka," Mani ya ce. "Barakatu, bakwai. Ya cire ma Zailani ɗaya, ya cire ma Nasir ɗaya, ni ya cire mani biyu. Shina kallonmu muna yi mashi dariya."

Sai da ya maimaita mata sau uku kafin ta gane. Da ta gane, ta zauna a bakin turmi ta rufe baki da gefen zane.

Kwana biyu wayar na aljihunsa. In ya yi shiru, Saudatu za ta rayu tana ganin yatsansa ne ya tura mijinta, kuma 'yar Badamasi za ta girma tana kauce masa a hanya. In ya faɗa, ya wanke kansa, amma da me? Da gaya wa mace mai takaba cewa mijinta da hannunsa ya ƙara wa kansa hanyar mutuwa, yana sane da ita da 'yarta.

"Ni dai ban san wanda ya fi ba," in ji Barakatu. "Amma wayar tasu ce. Wata rana wani zai buɗe, ta ji a bakin yara."

Rana ta uku da safe suka tafi tare, lokacin da Inna ta fita barka a maƙwabta. Barakatu ta shiga ɗaki, Mani ya tsuguna a bakin labule.

"Maman Nana, na kawo wayar. Amma akwai abin da nake so ki gani da idonki. Ba don ki yafe mani ba."

"Mi zan gani a cikin abin da ya kashe shi?"

"Ki danna dai. Barakatu za ta nuna maki wurin."

Ya tura kwanon masara ta ƙarƙashin labule, ya faɗa mata yadda za ta yi. Ya daɗe yana jin ƙarar ƙwaya tana faɗawa kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya. Tun ana yi a hankali har aka koma yi da sauri. Sannan aka daina.

"Ta lalace ne?"

"Ba ta lalace ba." Ya faɗa mata lambobin da ke bayan kowace fitila.

"Wa ya rubuta?"

"Ba wanda ya iya sai shi."

Wani sauti ya fito daga ɗakin wanda Mani bai taɓa jin irinsa ba, ba kuka ba, ba salati ba. Ya ji Barakatu na cewa, "Riƙe kanki, Saudatu, riƙe kanki."

"Shi ya rubuta? Da hannunshi? Ni nake tashi in dama mashi koko, in ce Allah shi kiyaye hanya, shi ce mani ƙuri'a ce, ba yadda zai yi! Ya ji tausayin matar Nasir, ya ji tausayin uwar Zailani, ya ji tausayin cikinki, Barakatu. Ni fa? Ni ba mace ba ce? Yarinyar nan ba ɗiya ba ce?"

Mani ya kafa goshi a jikin bango, hawaye na bin gemunsa.

"Malam Mani."

"Na'am."

"Sau tara ka ga ya tahi. Ba ka taɓa tambaya ba?"

"Ban tambaya ba. Daɗi nake ji ba ni ba ne. Gaskiyar ke nan."

Da ta sake magana, muryar ta sauka.

"Ni ma ban tambaya ba. Cewa nake rashin sa'a ne, har addu'a na sa aka yi mashi." Ta ja numfashi. "Na ɗora maka abin da ba naka ba. Da kai ka danna, da wani, duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne a wurina."

"To wannan kai da Allah. Amma ka ji abu biyu. Inna kada ta sani. Ita ta ɗauka rabo ne ya faɗa kan ɗanta, da shi take samun barci. Ku gaya ma su Nasir su kama bakinsu."

"In sha Allahu."

"Na biyu, in yarinyar nan ta yi hankali, kai za ka gaya mata. Ni in na faɗa, da fushi zan faɗa, kuma ba na so ta ji shi da fushi. Kai ka san shi tun kafin ni. Ka faɗa mata yadda za ta iya ɗauka."

Sai da Barakatu ta leƙo ta ce, "Ana jiranka," sannan Mani ya ce ya ɗauka.

Da yamma ya tara Nasir da Zailani ya nuna musu. Zailani ya miƙe tsaye ya koma ya zauna, ya sake miƙewa, yana ta cewa, "Ni da na ce za ta zaɓi mai ita." Washegari da sassafe Nasir ya ari babur ya kwaso buhu ukun da suka rage, bai shawarci kowa ba, ya sauke su a ƙofar gidan Inna.

Inna ta rayu shekara biyu bayan ɗanta, ta rasu ba ta sani ba. Nana Aisha yanzu tana aji biyu a firamare. Mani bai gaya mata ba tukuna. Yakan ce sai ta ƙara girma, kuma har yau bai samo kalmar da zai fara da ita ba.